Ruwan da Ya Cika Sharaɗi Uku: Ƙayar Kifi da Gubar Dalma a Mahangar Nazarin Hausa

A Gubuci, kamar sauran garuruwan ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan, duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ishmawi ko Iziyya ya san yadda ake yi wa ruwa hukunci. Ana duban launinsa, a ɗanɗana shi, a shinshina. In babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya sauya, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, ana alwala da shi, ana wankan ibada. Malaman fiƙihu sun kafa wannan ma'auni ne domin ibada, amma da yake shi aka haddace tun ƙuruciya, sai ya zarce ya zama ma'aunin ruwan sha da na girki. Matar da ta leƙa randa ta ga ruwa garau, ba wari ba bauri, ta gama hukunci. Ma'aunin ya daɗe yana aiki, kuma yana kama mafi yawan abubuwan da aka saba gani suna ɓata ruwa, irin su laka da gansakuka da mushe da ruwan kwata.

Akwai dai abin da yake wucewa ta gabansa bai motsa ko ɗaya daga sharuɗɗan nan uku ba. Dalmar da ta narke a ruwa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma a gwargwadon da take cutarwa harshe ba ya jin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a maikirogiram 10 cikin lita guda, wato giram 10 kacal a lita miliyan ɗaya, ruwan da zai cika jarka 40,000 mai cin lita 25. Hukumar ta ƙara da cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba ya illa. Tafasa ruwa ba ya fitar da ita, hasali ma ƙara mata kauri yake yi, tunda ruwan ne ke tashi tururi ita ta zauna.

A 'yan shekarun nan an yawaita rubutu a mujallun kimiyya kan wata hanya mai araha ta cire irin wannan guba daga ruwa, wato amfani da abin da ake zubarwa na halittun teku: ɓawon jatan lande, ƙoƙon bayan ƙaguwa, ɓawon kawa, da ƙayar kifi da ɓawonsa. Ɗaliban kimiyyar sinadarai a jami'o'in Nijeriya ma suna yawan ɗaukar batun a kundayen digirinsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ilimin gaskiya ne, amma a siffar da yake zuwa bai dace da gari irin Gubuci ba, kuma aikin daidaita shi rabi na masana sinadarai ne, rabi na manazarta Hausa, waɗanda har yanzu ba su ɗauki batun a matsayin nasu ba.

Yana da kyau a fara da yadda abin yake aiki, domin a nan ne matsalar harshe take ɓuya. Ɓawon jatan lande da na ƙaguwa abu uku ne a haɗe: furotin, da sinadarin alli, da wani zare mai tauri da ake kira kaitin. Wani Bafaranshe mai suna Henri Braconnot ne ya fara gano wannan zare a shekarar 1811, a jikin naman kaza na daji, kuma a 1859 aka gano cewa in an dafa shi da soda mai ƙarfi yana rikiɗewa ya zama abin da yau ake kira kaitosan. A jikin kaitosan akwai wasu ƙananan gurabe masu riƙe ƙwayar ƙarfen da ke yawo a ruwa, su kama ta ta ɓangare biyu ko fiye. Masana sun raɗa wa irin wannan riƙo suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar hannun ƙaguwa, saboda yadda ƙaguwa ke damƙe abu tsakanin farcenta biyu. Da Bahaushe ne ya gano shi, da “damƙar ƙaguwa” zai ce, kuma da bai ɓata ba. Wata maƙala da ta fito a mujallar Nature a 2015 ta ƙiyasta cewa ana zubar da tan miliyan 6 zuwa 8 na irin wannan ɓawo a duniya kowace shekara. Ga ƙasashen bakin teku, shara ce da ke neman inda za a kai ta.

Ƙayar kifi tata hanyar daban ce, kuma ita ta fi dacewa da a tsaya a kanta. Ƙashi, na kifi ne ko na saniya, an gina shi da wani ma'adini mai suna afatait, haɗin kalsiyam da fosfet. Idan ruwa mai dalma ya ratsa garin ƙashi, fosfet ɗin yana saki ya haɗu da dalmar, su zama wani sabon dutse mai suna fairomofait, wanda da ƙyar yake narkewa, ko a ruwa ko a cikin mutum. Dalmar ba ta ɓace ba, ɗaure ta aka yi. An gwada wannan a fili. A 2001 an haƙa rami aka cika shi da ƙayar kifi a hanyar ruwan da ke tsiyayowa daga wata tsohuwar mahaƙa a jihar Idaho ta Amurka, domin tare dalma da tutiya da kadmiyam. A 2011 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi amfani da niƙaƙƙiyar ƙayar kifin Alaska a wata unguwa ta birnin Oakland, ta cuɗa ta da ƙasar tsakar gidajen da dalma ta gurɓata.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tuna inda Gubuci take. Tsakaninta da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma abin da ya iso nan daga teku ya iso ne a matsayin haja mai tsada. Ɓawon teku ɗaya da ya taɓa shiga rayuwar Bahaushe har ya zauna a harshensa shi ne wuri, wanda jam'insa ya ba da kalmar “kuɗi”. Daga tsibiran Maldibs ake kawo shi, kuma da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala guda a wuri 2,500. Ke nan tun asali ɓawon teku dukiya ne a ƙasar Hausa, bai taɓa zama shara ba. Haka abin yake har yau. Busasshen jatan landen da ake kawowa daga kudu ana daka shi ne gaba ɗaya, kai da ɓawo da ƙafa, a zuba a miya, ba a rage komai. Ɓawon kawa kuwa masu haɗa abincin kaji suna saye don kajin ƙwai. Wanda ya ce a kawo ɓawon jatan lande Gubuci a tace ruwa da shi, ya manta cewa dalilin da ya sa dabarar ta yi araha a Indiya ko Biyetnam shi ne kayan a bakin masana'anta suke a jibge. Sannan mayar da ɓawon ya zama kaitosan yana buƙatar asid da soda mai kaurin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 da wuta mai zafi, kuma ruwan wankin da zai fito shi ma abin nema wa mazuba ne. Wannan aikin masana'anta ne.

Abin da ya dace a ɗauko daga binciken shi ne dalilinsa, sai a nemi kayan da ke ɗauke da wannan dalili a gida. In fosfet ɗin ƙashi ne ke ɗaure dalma, akwai ƙashi a kowace kwata. Akwai kan tarwaɗa, wanda kusan duk ƙashi ne, a ƙasar da ta fi kowace kiwon tarwaɗa a Afirka. Akwai ƙayar kifin banda da ke zuwa daga Baga da Haɗeja da Yawuri, da ɓawon karfasa da masu tuya ke kankarewa su zubar. In kuma sinadarin alli ake nema, wanda shi ma yana kwantar da dalma daga ruwa, ɓawon ƙwan da mai shayi ke tarawa kowace safiya irinsa ɗaya da na bayan ƙaguwa. Ko gawayin ƙashi ba sabon abu ba ne. Tun farkon ƙarni na 19 Turawa suke wanke launin sukari da shi, abin da zai ba mutanen ƙasar rake da mazarƙwaila sha'awa, kuma a yankin Nakuru na Kenya an daɗe ana amfani da shi wajen rage sinadarin da ke ɓata haƙoran yara a ruwan rijiya. Wahalar a nan ta tarawa ce. Ƙayar kifi a gidajen Gubuci warwatse take, kyanwa da kaji sun riga kowa, ƙashin kwata kuma yana da masu saye. Duk wanda zai yi lissafin gaskiya sai ya fara daga kasuwa.

Sai dai kafin a kai ga magani, wace cuta ake nufi? Ba a san Gubuci da haƙar zinariya ba kamar Anka, ba ta kuma da masana'antun jima irin na Calawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, inda ruwan kuromiyam ke gangarawa koguna, har a yi ban-ruwan lambu da shi a gefen Jakara. Hanyoyin da ƙarfe mai guba zai bi ya shiga ruwan gari irin wannan ba su da hayaniya. Ta farko, kuma wadda ta fi ba da mamaki, ita ce famfon kansa. A 2021 manazarta daga Jami'ar North Carolina sun wallafa sakamakon gwajin rijiyoyin burtsatse da famfuna 261 a karkarar Ghana da Mali da Nijar, suka tarar kimanin kashi 9 cikin 100 na ruwan da suka ɗiba ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma alamu sun nuna daga kayan tagullar da aka haɗa famfunan da su dalmar take fitowa. Irin waɗannan kaya ne ake sayarwa a kasuwannin yankin nan duka. Ta biyu ita ce batir. Mafi yawan dalmar da ake sarrafawa a duniya cikin batirin mota da na sola take ƙarewa, ga shi sola ta shiga kowane lungu, kuma mataccen batir a hannun 'yan gwangwan yake ƙarewa, a fasa shi a fili, a zubar da ruwansa a ƙasa. Ta uku ita ce fadama. Takin zamani mai fosfet yana zuwa da ɗan kadmiyam daga dutsen da aka yi shi, yawansa ya danganta da mahaƙar, kuma yana taruwa a ƙasa shekara bayan shekara. Yankin da ke noman rake da tumatir da attaruhu rani da damina, daga Hunƙuyi zuwa Ikara, yana da dalilin sanin wannan. A Japan, manoman shinkafa na gefen kogin Jinzu sun yi shekaru suna ban-ruwa da ruwan da kadmiyam na wata mahaƙa ya gurɓata, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, kuma sunan da cutar ta samu, itai-itai, kukan masu ciwon ne kawai, kamar a ce “wayyo-wayyo”. Sai a 1968 gwamnati ta amince da musabbabinta.

Wannan duk bai nuna cewa rijiyoyin Gubuci sun gurɓata ba. Abin da ya nuna shi ne ido da harshe da hanci ba za su iya ba da amsa ba, sai awo. Kuma wuraren awon ba su da nisa. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa, akwai ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello, har da Cibiyar Binciken Makamashi mai na'urar nukiliyar bincike da ta fara aiki a 2004, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Kwalbar ruwan da aka ɗiba da safe a Gubuci za ta isa Samaru kafin azahar.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa ya hana kowa gaggawar rungumar matacin ruwa a matsayin mafita. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, da ke sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran suna amai, suna jijjiga, suna suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Aka gano dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi, cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An samu dalma a kududdufai da wasu rijiyoyi, amma babbar hanyar da ta bi ta shiga jikin yaran ƙura ce da ƙasar tsakar gida. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne kankare saman ƙasa a Dareta da 'Yargalma da sauran ƙauyukan, da Bagega a 2013, a zuba sabuwa, sannan a ba yaran maganin da ke damƙe dalma a jini ya fitar da ita, irin damƙar ƙaguwar nan da aka ambata. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da an raba wa mutanen Dareta matacin ƙayar kifi aka bar ƙurar, da ba a ceci kowa ba.

Ko inda ruwan ne matsalar, dabarar tana da iyaka, kuma masu yayata ta ba su cika faɗa ba. Mafi yawan gwaje-gwajen da ake wallafawa ana yin su ne a kwalba, da ruwan da aka tace aka zuba masa ƙarfe ɗaya tak, a girgiza, a auna. Ruwan rijiya yana zuwa da laka da kanwa da tsatsa, duk suna rububin gurbin da ake so dalma ta zauna. Garin ƙashi yana cika, kuma ranar da ya cika ruwan da ke fita bai sauya kama ba, mai gida ba shi da alamar da zai gane. Kuromiyam mafi haɗari ba ya kamuwa da ƙashi yadda dalma ke kamuwa. Ɗanyen ƙashi yana ruɓewa a ruwa ya zama abincin ƙwayoyin cuta, shi ya sa sai an ƙona shi a rufe ya zama gawayi, kuma ko gawayin ba ya kashe ƙwayar kwalara. Sannan garin da ya gama aiki ya zama ma'ajiyar guba. A ƙasar da ake kai toka da shara gona a matsayin taki, inda zai ƙare a bayyane yake in ba a yi bayani ba.

Bayanin nan shi ne fagen manazarta Hausa. A ɗauki kalmar “dalma” ko “darma”. Tun 2010 kafafen yaɗa labarai suka tsayar da “gubar dalma”, kuma ta zauna. Amma a bakin mutane dalma ba ƙarfe ɗaya ba ce. Ita ce abin da masunci ke ɗaura wa bakin ragarsa don ta nutse, ita ce ta harsashin mafarauci, ana kuma kiran ƙarfen kuza da ita, sannan tukunyar da ake zubi da narkakken sanholo sunanta tukunyar dalma. Matar da ta ji a rediyo cewa dalma guba ce, tukunyarta za ta fara kallo, ta ga kakarta ta yi girki da irinta ta tsufa lafiya, ta watsar da zancen. (Abin takaici, nazarin da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna irin waɗannan tukwane na zubi sukan fitar da dalma ta gaske, saboda tarkacen da ake narkawa a ciki. Ke nan matar ta yi daidai a wurin da ta kalla, ta kuskure a dalilin.) A ɗaya gefen kuma akwai dalmar da ba a kiranta dalma. Kwalli ko tozali na dutse sau da yawa ma'adinin dalma ne tsantsa. A 2011 likitoci a Boston sun gano dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, aka auna tozalin da ake sa masa aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Kalma ɗaya tana rufe ƙarafa uku, ƙarfe ɗaya kuma yana ɓuya a ƙarƙashin sunaye biyu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 aikinsu tattara abin da mutane ke faɗa ne, sun kuma yi. Rarrabewa domin saƙon lafiya wani aiki ne daban, kuma ba masanin sinadarai zai yi shi ba.

Haka nan “ƙarafa masu nauyi”, wadda masu fassara suka ɗauko kai tsaye daga Ingilishi. Bahaushen da ya ji ƙarfe mai nauyi a ruwa zai fahimci abin da ke nutsewa ƙasan randa, maganinsa kuwa a bar ruwa ya kwanta a tsiyaye, ko a jefa alam. Fassarar ta koyar da akasin abin da ake nufi. “Narkakken ƙarfe mai guba”, ko a taƙaice “gubar ƙarfe”, ya fi kusa, domin kalmar narkewa tana kawo hoton gishiri ko kanwa a ruwa, abin da ba ya kwanciya kuma rariya ba ta tare shi. Kalmar “tacewa” ita ma tana da wannan aibi. Tacewa aikin mataci ne, ƙyalle ko rariya, mai raba babba da ƙarami. Abin da ƙashi ke yi wa dalma ya fi kama da abin da marina ke nufi in suka ce rini ya kama, ko abin da bagaruwa ke yi wa fata a majema. Hausa ma tana da tsohon suna na abin da ke fizgo ƙarfe, wato mayen ƙarfe, kodayake ba kowa zai so a ce an sa maye a randarsa ba. Irin waɗannan kalmomi ba a ofis ake samun su ba. Suna bakin maƙera da masu zubi da majema da marina da masunta, mutanen da suka yi ƙarnoni suna aiki da ƙarfe da ruwa, kuma ɗalibin da ke neman batun kundin digiri na biyu zai sami abin rubutawa a wurinsu fiye da a sake nazarin jigo da salo a littafin da aka riga aka nazarta sau goma.

Mafi nauyin kalmomin ita ce “tsarkakewa”. Ana yawan jin ta a fassarar talla da sanarwa, a ce magani kaza yana tsarkake ruwa. Tsarki hukuncin shari'a ne, tsabta abin da ido ke gani ne, kuɓuta daga guba kuma abu na uku ne da har yanzu ba shi da tsayayyen suna. Ruwa yana iya zama mai tsarki, mai tsabta, yana kuma lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali. In aka cuɗa ukun, abu biyu na iya faruwa. Ko dai mutane su ji kamar ana soke hukuncin da malamansu suka koyar, su ƙi saƙon, ko kuma rabin saƙon ya fita shi kaɗai, a ji cewa ƙayar kifi tana tsarkake ruwa, wani ya zuba ta a rijiya, wani kuma ya ɗora lasifika a mota ya fara sayar da garinta a matsayin maganin wanke jini. Duk wanda ya san kasuwannin ƙauye ya san na biyun ba zai ɗauki wata guda ba.

Akwai kuma tambayar da malaman fiƙihu ne kaɗai za su amsa, amma sai an kai musu ita a cikin harshen da suke karantarwa. A mazhabar Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, kamar yadda Muhtasar na Halil ya jera shi tare da ƙaho da kofato, alhali mushen halittun ruwa mai tsarki ne. Gawayin ƙashin da aka tattaro daga bola ba a san na yankakkiya ba ne ko na mushe, ba a san ko na jaki ba ne, kuma a wasu ƙasashe irin wannan shakka ta sa Musulmi da mabiya addinin Hindu sun ƙi matacin gawayin ƙashi, kowa da dalilinsa. Ƙayar kifi ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Wannan fifiko ne da babu ma'aunin ɗakin gwaji da zai nuna shi, amma a Gubuci yana iya zama shi ne zai raba dabarar da za a karɓa da wadda za a bari a kwali. Shin ƙonawa tana sauya hukuncin ƙashin? In ruwa ya ɗauko ɗan ɗanɗanon gawayi, ya fita daga ruwan alwala ko bai fita ba? Littattafan da ke zaurukan Zazzau suna da babukan da suka tattauna makamantan waɗannan, saura a haɗa mai littafin da mai gwajin a tabarma ɗaya.

Za a iya cewa wannan ya fita daga hurumin sashen Hausa. Tarihin Zariya kansa bai goyi bayan haka ba. A nan ne Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah a ƙarshen shekarun 1940, suka bayyana halittu da yadda duniya ke gudana da Hausar da ɗan firamare zai gane. A Samaru, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa. A 1990 an wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi ƙarƙashin jagorancin Ɗalhatu Muhammad, wanda ya nuna ana iya zama a daddale kalmomin fanni guda. An yi wa nahawu, ba a yi wa ruwan sha ba.

Jerin aikin a Gubuci zai fara ne da awon rijiyoyi da famfunan burtsatse da ruwan fadama, rani da damina. Inda aka tarar famfo ne ke zubar da dalma, canza kayan tagullar ya fi kowane mataci sauƙi da araha. Inda wurin fasa batir ne, a ɗauke shi daga kusa da rijiya. Sai abin da ya rage bayan wannan ne za a gwada wa gawayin ƙaya, da ruwan garin kansa, a kuma san ranar canza shi da ramin da za a binne tsohon. A kowane mataki akwai takarda da za ta dawo daga Zariya ɗauke da lambobi, wadda sai an karanta wa mai unguwa da liman da matan gida. Takardar tana buƙatar a rubuta ta da boko da ajami, kuma a layin da aka sa adadin dalma, sai wani ya riga ya yanke wace kalma za a rubuta, yadda mai tukunya da mai kwalli da mai raga kowa zai gane ko da shi ake.